Kafin Ka Sa Wa Babur Ɗinka Ƙatuwar Taya

Wani sabon yayi ya shigo makarantar nan tun zangon da ya wuce, kuma duk mai ajiye babur a gindin darbejiyar bayan ɗakin karatu ya san shi. Ƙatuwar tayar baya. Da can gayu a babur bai wuce sitika da fitila mai launi da cire salansa ba, yanzu kuwa sai ka ga Boksa ko Jincheng, inji ɗan ƙarami, amma ta baya an cusa masa taya kamar ta babur ɗin tsere. Mai shi ya kafe shi a karkace, ya ja da baya yana kallo. Ni ma ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana da kyau a ido. Babur ɗin sai ya yi kamar ya ƙoshi.

Nawa babur ɗin Boksa ne ɗan inji 100, gadon yayana da ya samu aiki ya sayi wani. Da shi nake zuwa lacca daga gida, da shi nake kai Hajiyarmu asibiti ranar awo, kuma idan aljihu ya yi sanyi nakan ɗan zaga da shi da yamma in ɗauki mutum biyu ko uku. A farkon daminar bana tayar baya ta suɗe, zanenta na tsakiya ya shafe har ta fara sheƙi, faci kuma ya kai uku a tub ɗin. Dole a canza. Da abokaina suka ji, kusan bakinsu ɗaya: "Kai, tunda za ka canza, kawai ka sa babba mana. Ta fi riƙe ƙasa, ta fi daɗewa, ga kyau." Wannan magana ta "ta fi riƙe ƙasa" ita ce ta sa na tsaya bincike, don kuɗin da ake magana a kai kuɗin furojet ɗina ne, kuma wanda zai hau bayan babur ɗin wani lokaci mahaifiyata ce.

Abu na farko da na lura da shi, yawancinmu ba mu iya karanta rubutun da ke jikin taya ba, alhali komai yana nan a gefenta. Tayar baya ta babur ɗina an rubuta mata 3.00-17. Ma'ana faɗinta inci uku, kuma rim ɗin da take hawa inci 17 ne daga gefe zuwa gefe. Ta gaba 2.75-17. Sai kuma ɗaya salon rubutun, irin 90/90-17 ko 110/90-17. A nan lambar farko faɗi ce da milimita, ta biyu kuma tsayin gefen taya ne, amma ba da milimita ba, kashi ne cikin ɗari na faɗin. To ka ga inda gizo ke saƙar. Taya 90/90 tsayin gefenta milimita 81 ne, taya 110/90 kuma 99. Duka biyun "90" aka rubuta a tsakiya, amma ɗaya ta fi ɗaya tsayi. Idan ka haɗa da rim ɗin, wanda inci 17 ɗinsa ya kama milimita 432, ta farko tsayinta gaba ɗaya 594, ta biyu 630. Wato wanda ya je neman faɗi ya dawo da ƙarin tsayi na kusan kashi shida cikin ɗari bai sani ba.

Kashi shida kamar ba komai ba ne, amma a ƙaramin inji ana jin sa. Taya mai tsayi daidai take da an ɗan ɗaga maka giya: kowane juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da da, don haka injin sai ya ƙara nishi kafin ya tayar da babur daga tsaye. A kan miƙaƙƙen titi kai kaɗai ba lallai ka damu ba. Ɗauki mutum ka nufi hawa, ko ka tsaya a danja ka tashi, a nan za ka ji babur yana jan jiki, kana ƙara murɗa totur, kana riƙe kuloci rabi. Ga kuma nauyin tayar kanta, wanda ya fi na asali, kuma nauyi ne da injin zai riƙa juyawa. Injin Boksa 100 ƙarfinsa bai wuce na doki takwas da 'yan kai ba. Baburan tseren da muke kwaikwayo, irin Yamaha R1, ƙarfinsu yana kusan doki 200, tayarsu ta baya faɗinta milimita 190, a kan rim mai faɗin inci shida. Su faɗin dole ne gare su, don in ba haka ba ƙarfin injin zai sa tayar ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana ƙonewa. Namu kuwa ko ka murɗe totur har ƙarshe, taya mai inci uku ta ishe shi har da ragi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda ake lissafin lita a makarantar nan, har da masu kashe inji a gangara. Mutumin da ke kashe inji a gangara don ya tsira da cokali biyu na mai, shi ne kuma zai sayi tayar da za ta riƙa shan masa mai kullum. Abin yana ba ni dariya.

Amma babbar matsalar tana wajen rim. Shi ma yana da lambarsa, a buge a jikin ƙarfen, sai ka goge ƙura za ka gani: 1.60×17, ko 1.85×17, ko 2.15×17. Lambar farko faɗin cikin rim ne da inci, wato tazarar da ke tsakanin leɓɓan nan biyu da bakin taya ke zama a ciki. Kowace taya an ƙera ta ne da faɗin rim da ya dace da ita. Taya 3.00 tana zama daidai a kan 1.85, tana kuma haƙuri da 1.60 ko 2.15. Taya 110 kuwa 2.50 take so, mafi ƙanƙantar abin da za ta karɓa shi ne 2.15. Idan ka matse ta a kan 1.60 ko 1.85, za ta shiga, don roba ce, kuma mai faci yana da ƙarfe da sabulu da ƙarfin damtse. Sai dai bakinta biyu sun matso kusa da juna fiye da yadda aka tsara, bayanta kuma ya tattaro ya yi tozo. Maimakon shimfiɗaɗɗen baya mai lanƙwasa a hankali, sai ka samu tudu a tsakiya, gefuna sun nannaɗe sun koma can ƙasa inda ba za su taɓa ganin kwalta ba. Ka duba irin waɗannan baburan bayan wata uku: tsakiyar tayar ta cinye, gefenta kuwa har 'yan gashin nan na sabuwar taya suna nan. Ka biya kuɗin milimita 110, kana tafiya a kan abin da bai kai na tsohuwar tayarka ba.

Ita maganar "riƙe ƙasa" ɗin ma akwai lissafi a cikinta da duk wanda ya yi fiziks a shekarar farko zai iya yi a bayan handawut. Abin da ke ɗauke da nauyin babur iskar da ke cikin taya ce. Don haka girman wurin da taya ke taɓa ƙasa, a ƙiyasce, nauyin da ke kanta ne a raba da ƙarfin iskar. A ce nauyin da ke kan ƙafar baya kilo 150 ne, iska kuma 30 a geji, wanda ya kama kamar kilo 2.1 a kan kowace murabba'in santimita. Raba ka gani: kusan murabba'in santimita 70, wajen girman tafin hannu. Ka canza taya zuwa mai faɗi, nauyi bai canza ba, iska ba ta canza ba, to wurin taɓawar ma ba zai yi wani canjin kirki ba. Siffarsa ce za ta sauya, ya rage tsawo ya ƙara faɗi. Na san roba ba ta bin lissafin littafi sak, taurin jikin tayar ma yana ɗaukar wani abu daga nauyin, amma dai wannan ya isa ya nuna cewa faɗi kaɗai ba ya ninka riƙo yadda ake faɗa a majalisa. Abin da ya fi tasiri shi ne ingancin robar, shekarunta, zurfin zanenta idan ƙasa ta jiƙe, da kuma iskar da ke ciki.

A lokacin da na yi aikin sanin makamar aiki a wani gareji na ga ɗaya ɓangaren da lissafi ba ya nunawa. An kawo wani babur da aka sa wa babbar taya, mai shi yana ƙorafin wata ƙara idan ya ɗauki mutum. Maigidan garejin ko tayar da injin bai yi ba, ya durƙusa ya shafa gefen tayar na hagu, ya kira ni. Wani layi ne ya zagaye ta, mai sheƙi, kamar an bi da wuƙa. Cen ne ke gogar ta. A sama kuma, cikin murfin taya, ƙusar da ke riƙe da shi ta fara yankar tsakiyar zanen, don duk lokacin da aka faɗa rami shokozoba yana nutsewa tayar ta daki murfin. Maigidan ya ce da mutumin, "Alhaji, wannan ba ƙara ba ce, gargaɗi ne." Tazarar da ke tsakanin tayar baya da cen, da ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da ita, da sandar birki, a irin baburanmu 'yar kaɗan ce. Kuma auna ta a tsaye babu kowa a kai yaudara ce, don taya tana ɗan kumbura idan ta yi zafi, tana ɗan buɗewa idan an yi lodi, cen kuma yana kaɗawa hagu da dama yayin tafiya. Akwai masu dabarar cire murfin cen ko saka wasa don a ture ƙafar gefe ɗaya. Wanda ya ture ƙafar baya gefe ya raba ta da layin ta gaba, babur ya fara tafiya kamar kaguwa, cen da farantinsa su cinye juna kafin lokaci.

Sannan tub. Mutum zai sayi babbar taya, ya ce a mayar masa da tsohon tub ɗinsa don a rage kuɗi. Ƙaramin tub a cikin babbar taya dole ya miƙe fiye da ƙima kafin ya cika ta, ya yi siriri kamar balan-balan da aka hura da yawa, ƙaya kaɗan ta ishe shi. Kuma tub idan ya fashe ba ya sallama, iskar tana fita lokaci guda. Wasu kuma sun ji ana yabon tubles, sai su saya su ɗora a kan rim mai wayoyi su ce ba sa son tub. Ramukan wayoyin nan duk ƙofofin fitar iska ne. Tubles na rim ɗin alminiyam ne wanda aka yi domin ta.

Ba ina cewa duk wanda ya ƙara faɗin taya ya yi wauta ba. 'Yan acaɓan da ke shiga ƙauyuka ranar kasuwa, suna ratsa yashi da buhun masara biyu a baya, suna da hujja, don a cikin yashi taya mai ɗan faɗi da aka rage wa iska ba ta nutsewa kamar siririya. Kuma ƙarin mataki ɗaya, kamar daga 3.00 zuwa 3.25 a kan rim 1.85, abu ne da rim ɗin zai iya ɗauka idan akwai sarari. Amma ka lura da su waɗannan mutanen da babur ne abincinsu, abin da suka fi tambaya a shago shi ne ƙarfin taya, ba faɗinta ba. Suna duba 4PR ce ko 6PR, wato kaurin jikinta. Akwai kuma wata lamba da harafi a gefe, kamar 50P: 50 ɗin na nufin tayar za ta ɗauki kilo 190, P kuma iyakar gudunta kilomita 150 a awa. Mai son ɗaukar kaya wannan lambar ya kamata ya nema. Wanda kuma ya nace sai ya ga ƙatuwar taya a ƙarƙashinsa, hanyar gaskiya ita ce ya canza rim ɗin ma zuwa mai faɗi, ya tabbatar da sarari, ya yarda da ƙarin man da zai sha. Idan ya haɗa wannan lissafin, galibi sha'awar takan kwanta da kanta.

Abin da ya fi damuna a wannan yayi shi ne tayar gaba. Je ka duba baburan nan masu ƙatuwar tayar baya, ka zagaya ta gaba. Da yawansu tayar gaban ta suɗe, gefenta ya tsattsage, wata ma tun da aka sayi babur ɗin ba a taɓa canza ta ba, saboda ita ba ta saurin cinyewa kuma ba ta cikin hoto. Alhali idan ka taka birki nauyin babur da naka duk gaba suke komawa, kuma mafi yawan tsayawar tayar gaba ce ke yin ta. Tayar baya idan ta zame, sau da yawa mutum yana iya gyarawa, babur ya yi wutsiya ya dawo. Ta gaba idan ta zame a kwana, kafin ka ce innalillahi kana ƙasa. Duk wanda ya san kwanar ƙofar makarantar nan bayan an yi ruwan farko, lokacin da yashi da baƙin mai suka taso saman kwalta, ya san abin da nake nufi. A bara wani ɗan sashenmu ya rubuta jarrabawa da hannun hagu saboda ita, kuma ba gudu yake yi ba.

Don haka da na tashi, sai na raba kuɗin gida biyu. Baya na mayar da 3.00-17 ɗinta amma 6PR, saboda ɗaukar mutum, gaba kuma sabuwar 2.75-17, kowace da sabon tub. Na ƙara kuɗi a kan abin da babbar taya ɗaya za ta ci, gaskiya ne, kuma na yi sati biyu ina garau-garau. Wajen saye ne na fi ɓata lokaci. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙerawa a Legas a 2008, tayoyin da ke kasuwa kusan duk shigo da su ake yi, na babur galibi daga Sin da Indiya da Tailan da makamantansu. Taya tana iya shekaru a jirgi da sito da shago kafin ta zo hannunka, tana sheƙi a cikin leda amma robar ta bushe. A gefen yawancinsu akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, amma mu a tunaninmu maganar masu mota ce. Mai shagon da na je ya fito min da ta farko, na juya ta na karanta, na ce a sake wata. Ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, kai taya ka zo saye ko jarrabawa ka zo yi mata?" Muka yi dariya, amma ya shiga ciki ya ɗauko wadda ba ta kai shekara ba. Ta gwanjo kuwa, wadda ake wankewa a shafa mata baƙi, ko a bi tsohon zanen da wuƙa a ƙara masa zurfi, ban ko tsaya tayi ba.

Wajen ɗaurawa ma ban tafi shan shayi na bar mai faci shi kaɗai ba. Dattijo ne, ya fi shekara ashirin a bakin titin nan, kuma ya fi ni sanin aikinsa nesa ba kusa ba, amma mutum biyar ne ke jiransa. Yawancin tayoyi suna da kibiya a gefe da ke nuna inda za su riƙa juyawa, don zanen an yi shi ne ya riƙa watsar da ruwa waje, idan aka juya ta baibai aikin ya ragu. Na ce, "Baba, a duba min kibiyar nan." Ya ce, "Na gani, yaro," ya juya ta daidai. Na roƙe shi ya duba robar da ke rufe kawunan wayoyin rim daga ciki, don idan ta yage kan waya ne zai huda sabon tub daga ciki, ka yi ta zargin ƙusa. Akwai kuma wani siririn layi da ya zagaye taya kusa da bakin rim. Bayan an hura iska ya kamata tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina. In ya nutse a wani wuri, tayar ba ta zauna ba, za ka ji babur yana ɗingishi. Da aka mayar da ƙafar baya, sai daidaita cen: alamomin da ke hagu da dama su zo ɗaya, a bar masa ɗan sassauci kamar faɗin yatsa biyu, a sake saita birkin baya tunda an taɓa sandarsa.

Sai iska, wadda ita ce aka fi rainawa. A wurinmu awon iska shi ne a matsa da babban yatsa ko a ƙwanƙwasa da sifana, in ta yi ƙara a ce ta yi. Da yawa ana cika ta fiye da ƙima don wai babur ya fi gudu, sai tsakiyar taya ta cinye, riƙo ya ragu, kowane rami ya dake ka har ƙugu. In ta yi kaɗan kuma tayar ta yi zafi, ta sha mai, tub ya riƙa ja har ya tsinke daga wajen bawul. A irin baburanmu abin da ake so bai cika fita daga 25 zuwa 32 ba, gaba ƙasa da baya, a ƙara wa baya kaɗan idan za a yi goyo, kuma ainihin lambar tana cikin littafin babur ko a sitikar da ke kusa da cen ga wanda tasa ba ta goge ba. Ana aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Na sayi ɗan ƙaramin geji mai kamar biro, kuɗinsa bai kai na handawut biyu ba, yana cikin jakata. Yanzu har layi ake yi min a gindin darbejiya ranar Litinin, kuma mafi yawan waɗanda na auna wa, tasu ta haura 40.

Sabuwar taya tana da santsi a kwanakin farko, don haka kilomita ɗarin farko a hankali na bi da su, ban kwanta a kwana ba, ban kuma ɗauki Hajiya ba sai da sheƙin ya goge. Ɗaya daga cikin abokan da suka ce in sa babba ya zo ya zagaya babur ɗin, ya ce bai ga wani canji ba. Na ce ya durƙusa ya duba gefen tasa tayar ta wajen cen. Ya duba, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko Baba mai faci yana fitowa ranar Asabar.